Kayan Sikawut da Aljihun Uba a Tudun Wadan Zariya

A shekarar 1907 ne Baden-Powell ya tara yara ashirin a wani tsibiri na Ingila, 'ya'yan masu hali da na talakawa, ya koya musu zaman daji. Wannan shi ne mafarin sikawut, wanda ya iso Nijeriya a 1915. Nufinsa da kakin nan da ƙyallen wuya shi ne, in yara sun jeru, kada a gane ɗan attajiri daga ɗan lebura.

To, amma kaki ba ya faɗowa daga sama. Tudun Wada unguwa ce da Turawa suka keɓe wa baƙi 'yan Arewa a bayan ganuwar Zariya, mazaunanta kuwa da yawa masu jiran albashi ne da 'yan ƙwadago, balle bayan da aka kafa Kamfanin Gaskiya a can a 1945. A Jihar Arewa sikawut a makaranta ya yi saiwa. Yaron Midil yana da En'e a bayansa, ita ke ɗauke da ci da suturarsa. Ɗan unguwa kuwa ba shi da kowa sai ubansa, ga haraji, ga kayan Salla. Watau tufar da aka ƙago don ta ɓoye talauci ita ce ta fara tona shi.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. Kaki tufar ɗan doka ce da masinja, gajeren wando kuma bai kwanta wa dattijon da ke son ɗansa cikin riga da hula ba.

Turawan Ingila sun nemi magani a 1949, suka ware mako guda a shekara, yara su yi wa mutane 'yan aikace-aikace a biya su sule. Bahaushe kuwa da ma yana da nasa hanyoyin: adashin uwa, telan da ke jira har ƙarshen wata, da rigar wa da ake rage wa ƙane.

Saboda haka mai binciken tarihin ƙungiyar nan, kada ya tsaya ga hotunan fareti. Ya tambayi tsofaffin teloli da malaman firamare, wane ne ya biya, wane yaro ne kuma ya tsaya bakin fili yana kallo. Malamin da ke kafa ƙungiya a yau ma, tambayar da ke jiransa ke nan.