Tarihin Aikin Malaman Gona a Ƙasar Kura da Bunkure

Duk wanda ya fito daga birnin Kano ya kama hanyar Zariya a tsakiyar bazara, a lokacin da ƙasar Hausa ta bushe ƙurmus, dabbobi suna lasar ƙasa don rashin ciyawa, da zarar ya kusanci Kura sai ya ga duniya ta sauya masa kama, gonaki sun yi kore shar dama da hagu, ruwa yana gudu a cikin magudanai kamar ana tsakiyar marka. Yaron da aka haifa a wannan yanki bayan 1980 zai iya zaton haka Allah Ya halicci wurin tun fil'azal, alhali kuwa kakanninsa ba da wannan aka san su ba. Kura ta dā garin marina ce da mabuga, wadda turkuɗinta da rawaninta mai ƙyalli, wanda ake kira ɗan Kura, suka kai har Agadas da sansanonin Buzaye. Noma kuwa na damina ne, gero da dawa da gyaɗa da wake, idan aka kai amfani rumbu sai samari su ɗauki 'yan komatsansu su tafi cin rani. Masu ba da labarin yadda wannan hali ya canza sun saba ambaton madatsar ruwa da gwamnan da ya gina ta, kuma sun yi gaskiya. Sai dai akwai wani ma'aikaci da ba a cika tunawa da shi ba, wato malamin gona, wanda ya ɗauki nauyin sada ilimin masana da hannun talaka.

Asalin wannan aiki ya girmi madatsar da shekaru masu yawa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hajar da Turawa ke nema ruwa a jallo, hukumar mulkin mallaka ta ga lallai ne a sami masu shiga ƙauyuka suna nuna iri da taki da garmar shanu. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru ta Zariya, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a shekarar da ta biyo baya aka buɗe sashe na musamman don isar da sakamakon bincike ga ma'aikatan da ke hulɗa da manoma. Talakawa suka laƙaba wa ma'aikacin suna malamin gona, laƙabin da ke da nauyi a ƙasar da kalmar malami take nufin wanda ake durƙusawa a gabansa a ɗauki karatu. Amma a zamanin En'e ba kullum ake yi masa kallon malami ba, domin manomi ya lura cewa amfanin da ake matsa masa ya shuka shi ne wanda ake biyan haraji da kuɗinsa, saboda haka yakan saurara da ladabi, ya ce to, sa'an nan ya koma ya yi abin da ya gada. Noman rani a wancan lokaci bai wuce na fadama da bakin rafi ba, inda mai lambu zai wuni yana jan jigo domin ya shayar da 'yan fangulan albasa da ɗan abin da ba a rasa ba na alkama, wadda ake yin alkaki da taliya da ita a gidajen masu hali.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnanta na farko, sai ya zamana mutum ne wanda zuciyarsa ta ta'allaƙa da sha'anin ruwa da noma. Aka fara da madatsar Bagauda, wadda aka kammala wajen 1970, da ruwanta aka buɗe gonar gwaji a Kadawa domin a ga ko ƙasar za ta karɓi ban ruwa. Daga nan aka shiga babban aiki, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita miliyan 2,000. Ana cikin ginin ne Allah Ya jarrabi ƙasashen Sahel da farin 1972 zuwa 1974, dabbobi suka hallaka, abinci ya ƙare a rumbuna, sai wannan musiba ta zama hujja mafi ƙarfi ga masu cewa dogaro da damina kaɗai kasada ce. Masana daga ƙasar Holan, na kamfanin NEDECO, suka tsara kashi na farko na shirin a kan hekta 22,000, a ƙasar da a yau ta haɗa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, ko da yake an shafe shekaru da dama ba a kai ga cika wannan adadi ba. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ragamar shirin ta koma hannunta.

Hikimar tsarin ita ce ruwan ba ya bukatar inji. Daga Tiga yake gangarowa da kansa ta babbar magudana zuwa tafkin Ruwan Kanya, daga can ya ci gaba har ya rabu rassa, rassan su rabu ƙananan hanyoyi, har ya iso bakin gonar mutum. Akwai kuma tafkuna da ke tara ruwan da ya kwarara da dare domin a sake shi da safe. Gonakin kuwa an auna su, an baje su da manyan injuna, aka mayar wa masu su bayan an rage ɗan kaso saboda hanyoyi da magudanai. A nan ne aikin injiniya ya tsaya, na malamin gona ya soma, kuma shi ne mafi wuya, domin mutumin da tun kaka da kakanni yake ɗaga kai ya dubi hadari kafin ya yi shuka, yanzu ana so ya dubi jadawali, ya san ranar da ruwa zai zo layinsu, ya kuma yarda cewa maƙwabcinsa na ƙasa yana da hakki a kan abin da ya wuce ta gabansa.

Ko ɗaukar ruwan ma sai da aka koyar. Da sanyin safiyar hunturu malami zai tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya tsuguna a gefen magudana da wani lanƙwasasshen bututu a hannu, ya nutsa shi cikin ruwa har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗora shi a kan gaɓa ya saki, sai ga ruwa ya haura tudu ya zuba cikin kunya ba tare da an fasa gaɓar ba. Dattawa su yi ta salati, yara kuwa kafin azahar sun fi malamin iyawa. Bayan wannan sai karatun lokaci: alkama tana son sanyi, don haka a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, in aka makara zafin bazara zai riske ta tana fitar da kai, ƙwayar ta motse. Sai karatun taki, yaushe ake zuba kamfa, yaushe ake bin ta da yuriya. Sai na rainon iri da dashe. Sai na cewa yawan ruwa cuta ne, yana ruɓar da saiwa, yana taso da gishiri a fuskar ƙasa. Tashar bincike da cibiyar Samaru ta buɗe a Kadawa ita ce ta zama tamkar zauren da malaman kansu ke komawa su ɗauki darasi.

Ba a yi wannan tafiya ba tare da tuntuɓe ba, kuma adalci ne a faɗa. Dubban mutane sun tashi daga gidajensu saboda tafkin Tiga, mazauna fadamun Haɗeja da Nguru sun ga ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu, tsargiya da zazzaɓin sauro suka sami mazauni a bakin magudanai. A cikin gonakin kuma an yi saɓani tsakanin nufin hukuma da maslahar manomi. Hukuma alkama take so, domin a rage shigo da ita daga waje. Manomi kuwa dawarsa ba ta isa girbi sai lokacin shukar alkama ya yi nisa, kuma ba ya yiwuwa mai iyali ya sare abincin gidansa saboda amfanin da bai san farashinsa ba. Wanda ba shi da kuɗin tarakta da taki sai ya ba da gonarsa haya ga attajirai da ma'aikatan birni, ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Sannu a hankali manoma suka yi nasu ijtihadin, suka karkata ga tumatir da albasa da masara da rani, shinkafa da damina, kuma malamin gona mai basira ya gane cewa wanda ya zo koyarwa ba zai yi nasara ba sai ya yarda a koya masa.

A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, aka kafa hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jiha, wadda aka fi sani da KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, bisa tafarkin shirye-shiryen da aka gwada a Funtuwa da Gusau da Gombe tun tsakiyar shekarun 1970. Tsarinta shi ne horo da ziyara: kowane mako biyu a tara malamai a ba su darasin abin da ya dace da lokacin, su hau babura su kai wa zaɓaɓɓun manoma, su kuma su isar ga maƙwabta, kamfanin KASCO yana sayar da taki da iri da magani. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, Kadawa ta ga ciniki irin wanda ba ta taɓa gani ba. Da aka janye hanin bayan 'yan shekaru, farashi ya faɗi, da yawa suka watsar. A wannan tsakani aka taƙaita aikin hukumomin koguna ga sha'anin ruwa, kuɗin Bankin Duniya ya ƙare, babura suka tsufa ba a sake su ba, malamai suka yi ta ritaya ba a ɗauki madadinsu ba. Shirin Sasakawa, wanda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da masanin alkama Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka assasa, ya shigo Nijeriya a 1992, ya farfaɗo da aikin ta hanyar gonar gwaji a cikin gonar manomi, shi da hannunsa zai yi komai, maƙwabta suna kallo, gani kuwa ya kori ji.

Game da matasa, Bahaushe yana da makarantarsa tun kafin zuwan hukuma: yaro ya yi aiki a gandun gidansu, a yanka masa gayauna ya noma don kansa da yamma, a nan yake koyon riba da asara. Hukumomi sun yi ta ƙoƙarin ɗora gini a kan wannan tushe, tun daga ƙungiyoyin matasa manoma na makarantu, zuwa shirin ciyar da ƙasa na 1976 wanda ya tura ɗalibai gonaki a lokacin hutu, zuwa cibiyoyin koyar da sana'o'in gona da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta buɗe a Kadawa da Bagauda bayan 2011, zuwa shirin N-Power na 2016 wanda ya ɗauki masu digiri su taimaka wa malaman gona. Amma babban abin da ya tsare samari a gida shi ne ruwan kansa. Saurayin da dā zai tafi cin rani, yanzu yana dashe da feshi da tsinkar tumatir, ya tara abin da zai kama hayar rabin eka. Wani yana lodin kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke ɗauka zuwa Legas. Wani yana ga injin casa a Kura, inda mata ke turara shinkafa a gidaje. Abin da ke tauye su shi ne ƙarancin jari da tsukewar ƙasa, domin gonar da aka mayar wa kaka a shekarun 1970 an raba ta gado sau biyu ko uku.

Shekarar 2016 ta nuna wa kowa matsayin malamin gona ƙarara. A cikinta aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, kuma a cikinta wata baƙuwar tsutsa mai asali daga Kudancin Amurka, wadda manoma suka raɗa wa suna sharon, ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, har masana'antar ta dakata don rashin tumatir. Manoma suka yi ta zuba magungunan da suka saba da su ba tare da fa'ida ba, domin annobar tana bukatar wanda zai gane ta tun tana ƙwai a bayan ganye. A ɓangaren ruwa kuma, shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanan da yashi da kacala suka toshe, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa karɓar kuɗin ruwa suna kula da ƙananan hanyoyi da kansu.

Malaman fiƙihu sun sanya sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Kuma a ganina koyar da noma yana cikin wannan babi. Yaran da suka tsaya a bakin magudana suna kallon malami yana nutsa bututu a shekarun 1970 su ne dattawan Kura da Bunkure a yau, waɗanda suka karɓa daga malaman Kadawa, su kuma daga na Samaru, silsila mai kama da ta masu karatun zaure. Wajibin hukuma da ƙungiyoyin manoma shi ne su ɗauki 'ya'yan waɗannan dattawa, maza da mata, su horar da su, su biya su hakkinsu a kan kari, su ba su abin hawa, domin ko bana idan Nuwamba ta raba tsakiya za a bukaci wanda zai bi gona gona yana tunatar da mutane cewa lokacin shukar alkama ya yi.