Gwajin gano rashin natsuwa da wahalar koyon karatu

A garuruwa irin su Mairuwa da ke ƙaramar hukumar Faskari a jihar Katsina, yaron da ya kasa zama wuri guda a aji akan ce ƙiriniya gare shi, wanda kuma ya shekara uku bai iya haɗa baƙi ba akan ce daƙiƙi ne.

Sau da yawa bulala ce kan biyo baya, daga bisani a cire shi daga makaranta a tura shi gona ko talla.

Sai dai wasu daga cikin irin waɗannan yara na fama ne da lalurorin da ƙwararru ke iya ganowa ta hanyar gwaji.

Waɗanne lalurori ne?

Ta farko ita ce wadda likitoci ke kira ADHD, wato rashin iya tattara hankali, da yawan motsi, da gaggawar aikata abu ba tare da tunani ba.

An ƙiyasta cewa tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya, kuma da dama sukan girma da ita.

Ta biyu ita ce disleksiya, inda yaro ke shan wahalar danganta harafi da sautinsa, ko da kuwa yana da kaifin basira. Akwai kuma makamanciyarta da ta shafi lissafi.

Dukkansu sukan bi jinin iyali, kuma ba lalaci ko rashin tarbiyya ke kawo su ba.

Yaya ake yin gwajin?

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da waɗannan lalurori. Abin da ake yi shi ne tattara shaida daga ɓangarori da dama.

Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam kan fara ne da yi wa iyaye tambayoyi game da haihuwar yaron, da lokacin da ya fara magana, da cututtukan da ya taɓa yi, kamar sanƙarau ko farfaɗiya.

Daga nan sai a ba iyaye da malamai takardun tambayoyi kan halayensa.

Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, dole ne alamomin ADHD su bayyana kafin shekara 12, su ɗauki aƙalla watanni shida, a kuma gan su a wurare biyu ko fiye.

Don haka shaidar malamin allo ko na Islamiyya tana da nauyi kamar ta malamin boko.

Akan kuma auna basira da karatu. Wannan hanya ta samo asali ne a Faransa a 1905, lokacin da Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara gwajin gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako.

Wanda aka fi amfani da shi a yau shi ne na Wechsler, mai auna yara 'yan shekara 6 zuwa 16.

Manya fa?

Akwai takardar tambayoyi 18 da aka tsara wa manya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, amma manuniya ce kawai, ba ta yanke hukunci.

Tun da lalurar daga ƙuruciya take farawa, likita kan nemi jin ta bakin mahaifi ko wani yaya, ya kuma duba tsofaffin takardun sakamakon makaranta.

Ina ake iya yin kuskure?

Abubuwa da yawa na kama da waɗannan lalurori. Yaron da ba ya ji sosai, ko ba ya ganin allo, ko ya zo makaranta da yunwa, shi ma hankalinsa ba ya tsayawa.

Tsoro ma haka yake. A watan Disambar 2020 'yan bindiga sun sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma hare-hare sun sha raba mutanen Faskari da Sabuwa da gidajensu.

Yaron da ke kwana cikin fargaba, ko wanda karatunsa ya yi ta yankewa, zai iya faɗuwa gwaji alhali ba shi da wata lalura ta ƙwaƙwalwa.

Sai kuma batun harshe. Yawancin gwaje-gwajen an tsara su ne da Turanci, aka kuma gwada su a kan yaran Amurka da Turai.

Idan aka yi wa ɗan Mairuwa tambaya da harshen da bai iya ba, Turancinsa aka auna, ba basirarsa ba. Shi ya sa ƙwararru kan haɗa da gwajin zane-zane marar kalmomi, irin na Raven, da kuma karatun Hausa.

Ina za a je?

Matakin farko shi ne a duba ido da kunne da jinin yaron a asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Funtuwa.

Idan ba a ga komai ba, sai a nemi takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ƙwararrun dai ba su da yawa, kuma gwajin kan buƙaci zuwa fiye da sau ɗaya.

Me ke biyo baya?

Mai ADHD kan amfana da zama a sahun gaba, da rarraba masa aiki kaɗan-kaɗan, da kuma horar da iyayensa. Wani lokaci likita kan haɗa da magani.

Disleksiya kuwa ba ta da ƙwaya ko allura, sai koyar da sautin haruffa daki-daki tare da yawan maimaici.

Gwargwadon wurin da aka gano matsalar, gwargwadon sauƙin ceto karatun yaron.