Kiranyen Kayan Nutso Masu Aibi da Darasinsa ga Ƙasar Adar

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake janye kayan nutso masu aibi daga hannun jama'a. Ta nuna cewa kiranye ba ya cimma mai kaya sai an san lambar kayan da inda mai su yake, sharaɗin da kasuwar gwanjo ba ta cika shi.

Gabatarwa

Tun 1943, lokacin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa, ran mai nutso ya rataya ga tukunyar iskar da ya goya. Adar ba ta da teku, amma tana da tafkin Tabalak da rijiyoyi masu zurfi irin na Kalfu, inda mahaƙi kan sauka da igiya har muryarsa ta riƙa isowa sama da ƙyar. Duk mai aikin ceto da zai bi shi ƙasa in iska ta ɓaci, tukunyar iska yake bukata.

Hanyar bincike

An kwatanta misalai uku daga sanarwar hukumomin Amurka da ta kamfanonin da abin ya shafa.

Sakamako

Na farko shi ne tukwanen alminiyam samfurin 6351, waɗanda kamfanin Luxfer ya daina amfani da shi a 1988. Iskar da ke cikin tukunya ta ninka matsin iskar waje kusan sau 200. Shekara da shekaru tana danna wuyan tukunyar, sai wata siririyar tsaga kamar silin gashi ta fara bin zaren murfi daga ciki. Ido ba ya ganinta daga waje. Wasu sun fashe ana cikin ɗura musu iska, suka raunata masu ɗurawa. Ba a janye su dungurungum ba. Gargaɗi aka yi, aka wajabta gwajin wuya da na'ura. An yi tukwanen ƴan kwana-kwana da wannan samfurin ma.

Na biyu agogon nutso ne na kamfanin Uwatec, ƙirar 1995, mai kuskuren lissafin naitirojin da ya rage a jikin mutum. Sai 2003 aka yi masa kiranye, bayan wasu sun kamu da ciwon da ke biyo bayan nutso. Shekara takwas ke nan yana ɗaure a hannun mutane.

Na uku, a 2017 kamfanin Suunto na Finlan ya yi kiranyen na'urorinsa masu aika ma'aunin iskar tukunya, saboda murfinsu na iya fashewa.

Tattaunawa

A duka ukun, lamba ce ke bambance mai aibi da lafiyayye. Kayan da suka shigo ta tashar Kwatano, suka bi hannu biyar kafin su isa kasuwar Tawa, babu takarda tare da su, kuma sanarwar da aka rubuta da Turanci a intanet ba ta san hanyar Kalfu ba.

Kammalawa

Maƙalar na ba da shawara kada hukuma ko ƙungiya ta karɓi tukunyar iska, ko da kyauta ce, sai ta karanta shekarar ƙira da ranar gwaji da aka buga a kafaɗarta, ta rubuta su a rajista, kuma a riƙa karanta sanarwar kiranye da Hausa a gidajen rediyon jihar Tawa.