Tarihin ƙwallo a Abuja, yadda muka gan shi daga Karu

Duk wanda ya taso a Kano ya san abin da Pillars take nufi. Na Jos yana da Plateau United, dattijon cikinsu zai ba ka labarin Mighty Jets. Mutumin Kaduna har yanzu idan aka ambaci Ranchers Bees sai ya gyara zama. To mu da muke zaune a Karu, a bakin babban birnin ƙasa, wane kulob ne namu? Idan ka yi wannan tambaya a majalisar mai shayi, wani zai ce Chelsea, wani Madrid, wani ya ce shi fa Sai Masu Gida har ya mutu. Da wuya ka ji an ambaci sunan wata ƙungiya ta Abuja. Akwai dalili, kuma dalilin yana cikin tarihin garin.

Ƙwallon Arewa ta girmi Abuja nesa ba kusa ba. Tun 1945 aka fara kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama kofin ƙalubale, kuma a 1953 'yan Kano suka ɗauko shi daga Legas. Da aka kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ce ta fara cinye ta. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. A lokacin nan Abuja tana kan takarda ne kawai, don a Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya yi dokar kafa sabon babban birni. Karu kuwa tana nan a matsayinta na tsohon garin Gbagyi, ga gonakin doya da dawa, ga kakanninmu Hausawa 'yan kasuwa da mahauta da malamai da suka sauka a gefenta.

Gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida. Shekara guda kafin nan, a 1990, aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, kuma a shekarar aka kafa Kano Pillars. Wato lokacin da ma'aikata suka fara cika Garki da Wuse da Nyanya da rukunin gidajen Karu, kowa ya zo da kulob ɗinsa a zuciya. Ɗan Inugu da Rangers, ɗan Ibadan da Shooting Stars, ɗan Maiduguri da El-Kanemi, wadda ta ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992. Kuma mutanen nan ba su ɗauki Abuja gida ba. Juma'a na yi, sai tasha. Sallah ko Kirsimeti, gari ya zama wayam. Gari irin wannan ta ina zai tara 'yan kallo ran Lahadi da yamma?

Akwai wani dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Yawancin manyan kulob-kulob na ƙasar nan gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su. Gwamna yana son a gan shi ya ɗaga kofi, yana kuma tsoron matasa ranar zaɓe, don haka ko albashin 'yan wasa ya makara, kulob ɗin ba ya mutuwa. Abuja ba ta da gwamna. Minista ake naɗawa, ba ƙuri'armu ta kawo shi ba, kuma kowane ya zo da abin da ya sa a gaba. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka fi daɗewa a nan na hukumomi ne, irin ta EFCC da ta buga gasar rukuni na biyu, ko na wani mai hali da ke zuba kuɗinsa har ya gaji. Har yau babu kulob ɗin Abuja da ya taɓa cin gasar lig ta Najeriya. Maƙwabtanmu kuwa ba su zauna ba: Niger Tornadoes ta Minna ta ci kofin ƙalubale a 2000, Kaduna United a 2010, Nasarawa United tana can Lafiya tana fafatawa da manya.

Abin mamakin shi ne fili muke da shi, kuma wanda ya fi na kowa. A 1999, da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, an buga a Kano da Kaduna da Bauchi da Legas da sauransu, amma ba a buga ko wasa ɗaya a Abuja ba, don babu inda za a buga. Gwamnatin Obasanjo ce ta gina babban filin ƙasa kusa da ƙofar shiga gari, mai ɗaukar mutum sama da 60,000, domin wasannin Afirka na Oktoban 2003, waɗanda har yanzu muke kira COJA. Da yawanmu ranar muka fara ganin ciyawa irin ta talabijin da idonmu. Matanmu sun ci zinare a ƙwallo, mazan kuwa Kamaru ta doke su a wasan ƙarshe. A 2019 Shugaba Buhari ya sa wa filin sunan Moshood Abiola.

Sai dai filin nan, in za a faɗi gaskiya, ya fi ba mu baƙin ciki. A Nuwamban 2009 muka cika shi maƙil don wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, Suwizalan ta zura mana ɗaya ta tafi da kofi. A Oktoban 2011 Gini ta rama ana dab da tashi, aka yi 2 da 2, Super Eagles ta rasa zuwa kofin Afirka, Samson Siasia ya rasa aikinsa. Daga baya filin ya lalace, ciyawa ta zama kamar ta saura, sai da Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyara shi. Ana gama gyaran, ranar 29 ga Maris 2022, Gana ta zo. Thomas Partey ya ci, Troost-Ekong ya rama da fanareti, aka tashi kunnen doki, Gana ta tafi Katar muka zauna a gida. 'Yan kallo suka faɗa fili suka yi ta ɓarna. Waɗanda suka je daga unguwar nan sun dawo tsakar dare ta gangaren Kugbo, wasu ko takalmi babu, kuma kwana biyu ba wanda ya tada zancen a majalisa.

Duk wannan a cikin gari ake yi, inda hedikwatar hukumar ƙwallo take, inda ake buga wasannin ƙananan rukuni a tsohon filin fareti na Area 10. Ƙwallon da muka sani mu, ta jar ƙasa ce. Filin makarantar firamare bayan an tashi, raga ta gora ko duwatsu biyu, alƙalin wasa da usur ɗin aro. Bayan la'asar ake farawa, kiran magariba ne ke tashin wasa ko da ana tsakiyar bugun kwana. Gasar Sallah ita ce babba: layi da layi, mahauta da 'yan kasuwa, 'yan acaɓa da masu gyaran waya, wani lokaci a gayyato Nyanya ko Jikwoyi ko Mararaba. Kofin kan zama rago ko saitin jesi da wani ɗan siyasa ya saya, musamman in zaɓe ya ƙarato. Faɗa kam ana yi, ba a ɓoye ba. Amma a filin nan ne ɗan Bahaushe da ɗan Gbagyi da ɗan Tibi da ɗan Ibo suke sa riga iri ɗaya, kuma da yawa daga cikin abokantakar da ta kashe wuta a unguwannin nan lokacin da ƙura ta tashi, a can aka ƙulla ta.

Sannan gidan kallo ya shigo. Daga shekarun 2000, da dish da janareta suka yi sauƙi, sai rumfar kwano mai benci ta kwashe 'yan kallon ƙwallon gida ta kai su Ingila da Sifen. Ba mu ga laifin yaran ba, abin da ke gabansu suka kalla. Shekarar 2014 ce ta gwada mu. Bayan bam ɗin tashar Nyanya na 14 ga Afrilu, iyaye suka hana 'ya'yansu shiga taro. Ranar 25 ga Yuni wani bam ya tashi a wata kasuwar zamani a Wuse, ana saura kaɗan a take wasa da Ajantina. A yammacin nan Ahmed Musa ya ci biyu, aka ci mu uku. Da yawa a ɗaki suka kalla, ƙofa a rufe, murnar ma a hankali aka yi ta.

Ta ɓangaren makarantu labarin gajere ne. Gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966 ake yin ta, Jami'ar Abuja kuwa a 1988 aka kafa ta, can Gwagwalada, nesa da mu. An ƙirƙiro gasar lig ta manyan makarantu a 2018. Amma a ƙasar nan jami'a ba ta zama hanyar zama ƙwararren ɗan wasa ba, kamar yadda ake yi a Amurka. Yaron da ya kai shekara 20 yana aji biyu, dillalan Turai sun riga sun ce ya tsufa. Saboda haka yaranmu da yawa suke ganin dole a zaɓi ɗaya, boko ko but, kuma mun ga waɗanda suka rasa duka biyun. Wani ya sayar da filin gado ya ba dillali, yaron ya ƙare a wata ƙasa ba kulob ba kuɗin dawowa.

Abin da ya ɗan sauya lissafin yana kan hanyarmu ta Karshi. Alhaji Sani Lulu Abdullahi, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallo ta ƙasa daga 2006 zuwa 2010, ya kafa makarantar FOSLA a can, inda ake haɗa karatun sakandare da horon ƙwallo. A 2021 yaranta suka ci kofin shugabannin makarantun sakandare na ƙasa baki ɗaya. Ba kowane uba ke iya kai ɗansa irin wannan wuri ba, amma dai ta nuna ana iya riƙe littafi da ƙwallo tare, kuma daga wannan gefen namu na Abuja.

Yanzu damuwar ita ce ƙasar da za a taka. Tun rusau ɗin zamanin Malam Nasiru El-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, jama'a suka yo ta nan, kowane taku na ƙasa ya zama kuɗi. Dattawan unguwa za su iya nuna maka shaguna da gidajen haya su ce nan raga take a da. Makarantu sun zagaye kansu da katanga saboda tsaro, maigadi ba ya buɗewa sai da takarda. A cikin gari an buɗe filayen roba na 'yan biyar-biyar da ake biya a kan awa, kuɗin da ɗan mai nama ko ɗan mai kayan miya ba zai samu ba. Filin da ya rage mana ƙungiyoyi da yawa ke rabonsa, masu horon asuba su fita, na yamma su shiga. A daminar da ta wuce wani ya sauke bulo a kusurwarsa ta gabas, ya ce yana da takarda. Matasa sun kai maganar gaban mai unguwa, an zauna sau biyu, bulon yana nan ba a ɗora ba ba a kwashe ba, kuma mai bugun kwana daga wannan gefen sai ya hau kansa yake ja da baya.