Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Tsufar da Hoto a Kwamfuta

Abin da ya jawo rubutun yau shi ne wani hoto da aka turo mana a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu kwanakin baya. Hoton wasu dattawa ne zaune gaban huhunan goro, launinsa ruwan ƙasa, gefensa a ciccije, ga karce ya ratsa shi, an kuma rubuta a ƙasa wai Sabon Ibadan ne kafin samun 'yancin kai. Nan da nan aka shiga yi wa magabata addu'a, har da masu cewa sun gane kakansu. Ana cikin haka sai wani yaro mai kaifin ido ya nuna mana kujerar roba a bayan dattawan, da ledar fiya wata a yashe a ƙasa. Ashe hoton sabo ne, a kwamfuta aka tsufar da shi. Dariya aka yi aka watse, amma ni abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari mu waiwayi asalin wannan al'amari.

Da farko, me ke sa hoto tsufa? A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Bafaranshen nan Louis Daguerre, wanda ke kama sura a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. Wannan sura ba ta da juriya, ko yatsa aka goga a kai sai ta lalace, don haka a bayan gilashi ake ajiye ta. A 1850 wani Bafaranshen kuma, Blanquart-Evrard, ya fito da takardar hoto da ake shafe wa farin ƙwai, ita ce ta mamaye duniya shekaru da dama, kuma halinta ne ta koma rawaya in ta daɗe. Galibin hoton fari da baƙi irin na da, ƙwayoyin azurfa ne ke riƙe da surarsa, kuma duk wanda ya ga yadda awarwaron azurfa ke dushewa in an ajiye shi ya san iska da laima ba sa ƙyale azurfa.

Shi kuwa launin ruwan ƙasa da muke ɗauka alamar tsufa ce, sau da yawa da gangan masu wanke hoto suka sa shi. Sukan tsoma hoton cikin ruwan magani mai ɗauke da farar wuta, sai azurfar ta rikiɗe ta zama wani sinadari mai ƙarko fiye da na farko. Turawa suna kiran launin sefiya, daga sunan wata dabbar teku mai fesar da tawada in ta tsorata. Wato dai magani ne na hana tsufa, amma da yake irin waɗannan hotuna ne suka fi jure zamani har suka iso gare mu, sai idonmu ya haɗa launin da tsufa. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 su kuma ja suke komawa, saboda rinin da ke cikinsu kala uku ne, kuma ba tare suke kodewa ba. Mu da ke zaune a Kudu mun fi kowa sanin sauran: damina mai tsawo, funfuna a cikin akwati, kyankyaso, da hoton da ya manne wa gilashin firam har ba ya ciruwa sai da fuskar mai shi.

To yaya aka yi lalacewa ta zama ado? A 1987 wani ɗalibi a Jami'ar Michigan ta Amurka mai suna Thomas Knoll ya fara rubuta wata manhajar nuna hoto a kwamfuta, ɗan'uwansa John, wanda ke aiki a kamfanin haɗa dabarun fim na Industrial Light & Magic, ya shigo ciki. Ita ce ta zama Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fitar a watan Fabrairun 1990. A 1994 fitowa ta uku ta zo da tsarin shimfiɗu, wato a ɗora hoto a kan hoto kamar an jera gilasai, kowanne ana iya gyara shi ba tare da an taɓa na ƙasansa ba. Wannan shi ne ginshiƙin duk aikin tsufar da hoto har yau.

A daidai wannan lokaci wasu masu zane a Amurka sun gaji da tsaftar aikin kwamfuta. Mujallar Ray Gun da aka fara bugawa a 1992, wadda David Carson ke tsara shafukanta, ta shahara da karkatattun haruffa da hotuna kamar an tsinto su a bola. A 1995 fim ɗin Se7en ya buɗe da sunayen 'yan wasa a kakkarce da hannu, aikin Kyle Cooper, aka yi ta kwaikwayonsa. Abin mamaki, manhajar da ake gogar karce da ita, wadda a 2002 aka ƙara mata burushin warkar da tabo, ita ce dai ake sa karcen da ita. Daga baya abin ya sauko aljihun kowa: Hipstamatic ta fito a 2009, Instagram kuma a Oktoban 2010, da hotuna masu kusurwa huɗu daidai da launuka irin na tsofaffin kyamarori. Aikin da ƙwararre ke yi a awa guda ya koma taɓawa ɗaya.

Yadda ake yin sa ba wuya. Mai aikin zai ɗauki hoton tsohuwar takarda, ko bangon da fentinsa ya ɓare, ko tabon shayi, ya shimfiɗa a kan sabon hoto. A wurin kwamfuta kowane ɗigo lamba ce, daga 0 wato baƙi zuwa 255 wato fari. In ya zaɓi haɗawa ta hanyar ninkawa, sai a ninka lambar sama da ta ƙasa a raba da 255. Farin takardar ba ya canza komai, amma duk inda take da datti sai ya duhunta hoton: ɗigo mai 200 in ya gamu da tabo mai 128 zai koma wajen 100. Akwai kishiyar wannan hanya mai haskawa, da ita ake sa farin karce da ƙura. Sai a zuƙe launi, a zuba ruwan ƙasa, a duhunta gefe. Shi ke nan, hoton jiya ya zama na zamanin Turawa.

Ni ban ce yin haka laifi ba ne. A bangon littafi ko fostar fim ko katin biki, ado ne. Damuwata ita ce mu mazauna Kudu ba mu da yawan abin da za mu nuna in an tambaye mu yaushe muka zo. An kafa Sabon Ibadan a 1916, bayan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901 ya kuma kai Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya haɓaka. Da Abner Cohen bai zauna a Sabo ya rubuta littafinsa na 1969 ba, da abubuwa da yawa sun bi dattawa kabari. Yau an haifi mutum a nan, an haifi ubansa a nan, amma ana ce masa baƙo. Wanda ke cikin wannan hali, hoton kakansa a ƙofar shago shaida ce. In muka cika zaurukanmu da na jabu, ranar da muka fito da na gaskiya ma za a ce na kwamfuta ne. Kama da wane ba ta wane.

Akwai darasi a labarin Jonathan Adagogo Green, mai ɗaukar hoto ɗan garin Bonny, wanda ya ɗauki Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwa a 1897 lokacin da Turawa za su kai shi Kalaba. An daɗe wasu na zaton Bature ne, domin J. A. Green kawai yake sa wa a hatiminsa. Amma wannan hatimi na bayan hoto shi ya sa aka iya tattara aikinsa aka mayar masa da haƙƙinsa. Fuskar hoto kowa na iya tsufar da ita, musamman yanzu da kwamfuta ke ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Bayansa ne ke riƙe da gaskiya.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa na Sabo da Agege da Shagamu da Fatakwal ita ce, a buɗe akwatunan iyaye tun kafin damina ta gama da su. A kai wa tsofaffi su faɗi sunayen waɗanda ke ciki, a rubuta da fensir a baya, da wuri da shekara. A kwafe shi a kwamfuta gaba da baya, a bar karcensa yadda yake. Kada a kai shi a manne da leda mai zafi, domin ba ta ciruwa. Wanda kuma ya tsufar da sabon hoto don nishaɗi, ya daure ya faɗa.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mun sake haɗuwa.