Darasin da Gidan Giya Ya Bar wa Masu Kunu da Zoɓo

Yau da maganar giya zan fara, amma kada wani ya yi saurin wucewa. Ruwan da muke sha nake so mu duba.

A ƙarshen Agustan 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan. Cikin kwana 10 ta kashe mutum sama da 500. Yawancin likitocin lokacin sun ɗauka wari da gurɓatacciyar iska ke kawo ta. Sai wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambaya, ya gano yawancin mamatan a famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, na titin Broad. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon.

To ga abin lura. A kan titin nan akwai gidan giya mai ma'aikata kimanin 70, ko ɗaya bai mutu ba. Ba sa zuwa famfon, kuma abin da suke sha sai da aka tafasa shi wajen haɗawa. Wutar ce ta yi aikin. Mu dawo gida: Maguzawan ƙauyukan Ikara da Makarfi ma, in za su yi burkutu, tsiron dawa sai ya daɗe yana tafasa a tukunya kafin a sauke.

A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba klorin a ruwan famfo kullum, sauran birane suka bi, taifot ta ja baya. Masu haɗa giya a gida a can har yau suna korar klorin ɗin saboda yana ɓata ɗanɗano, amma su tafasawa na biyo baya.

Mu ma muna da namu tarihin. Ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 ta samu masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da rijiyoyin burtsatse, da yawon wayar da kai irin wanda Janar Yakubu Gowon ya yi, aka ci ƙarfinta. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita.

Yanzu ku dubi kasuwar Makarfi, ko tashar Kudan da rana tsaka. Kunun zaƙi, zoɓo, lemon citta, duk a gida iyayenmu mata ke haɗa su. Ana dafa zoɓo, haka ne. Amma ruwan da ake sirkawa da shi fa? Ƙanƙarar fa? Robar da aka tsinto aka ɗauraye fa? Nan ƙwayar cuta ke shiga.

Alif yana kwantar da datti ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ƙyalle ya tare kurkunu, amma ba a dogara da shi kan kwalara. Ruwan famfo ma, in bututu ya fashe cikin kwata, ya tashi daga mai tsafta. Abin yi shi ne a bar ruwan sirki ya tafasa sosai na minti 1, a rufe shi ya huce, a wanke roba da sabulu.

Na san itace da gawayi sun yi tsada, amma kuɗinsu bai kai na ƙarin ruwa a asibiti ba. Matasa, mu fara da tukunyar gidanmu. Ku faɗa mana yadda ake yi a unguwarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.