3.2 TARIHIN GYARAN TSOHUWAR A-KORI-KURA A ƘASAR HAƊEJA

3.2.1 Shimfiɗa

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin bayyana yadda gyaran tsofaffin motocin ɗaukar kaya ya zama sana'a mai zaman kanta a ƙasar Haɗeja. Motar da ake magana a kanta ita ce wadda Bahaushe ya laƙaba wa suna a-kori-kura, wato motar da ta zo ta kori kurar da ake turawa da hannu. Abubuwa biyu ne suka tsawaita rayuwarta a wannan yanki: yanayin fadama da kuma faɗuwar darajar naira.

3.2.2 Shigowar Mota

Kafin zuwan mota, jakuna da raƙuma da kwalekwale su ne abin sufurin mutanen kogin Haɗeja. Da layin dogo ya tashi daga Kano ya isa Nguru a shekarar 1930, sai tashar Malam Madori ta zama matattarar gyaɗa. Daga baya manyan motoci masu bodin katako suka shiga jigilar amfanin gona zuwa tasha. Sai dai irin waɗannan motoci sun yi wa hanyoyin fadama nauyi, musamman da damina.

A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Wannan ya sa Fijo 404, sannan 504, suka yawaita a Arewa, kayan gyaransu kuma suka wadata. A-kori-kurarsu tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, ga shi injinta ba shi da sarƙaƙiya, bakaniken ƙauye ma yana iya kwance shi ya mayar.

3.2.3 Dalilan Bunƙasar Gyara

Dalili na farko shi ne canjin da aka samu a noma. Madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda kogin yake malala. Haka kuma, yaɗuwar injin ban-ruwa a shekarun 1980 da hana shigo da alkama a 1987 sun ƙarfafa noman rani a Auyo da Guri da Kirikasamma. Tattasai da tumatir ba sa jiran mai gona. Idan ba a fitar da su kan lokaci ba, wahalar rani duka ta tashi a banza.

Dalili na biyu shi ne tsada. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki. Nairar da a 1985 ta ɗara dalar Amurka daraja, ya zuwa 1993 sai an tara kusan 22 a farashin gwamnati kafin a sami dala ɗaya. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, don haka ya koma ga tsohuwa. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

3.2.4 Yadda Ake Gyaran

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Bakanike yakan sauke inji, ya canza fistin da zobba, ko ya ɗora wani injin da aka sayo na hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Mai walda yakan ƙarfafa shasi inda tsatsa ta ci, domin laka da ruwan fadama suna cinye ƙarfe daga ƙasa. Bayan haka akan ƙara fallayen sifirin na baya, don motar ta ɗaga ta kuma jure nauyi. Akan kewaye bayanta da dogayen ƙarafa yadda za a jera buhunan shinkafa ko kwalayen busasshen kifi har su wuce kan direba. Daga ƙarshe mai fenti ya shafe ta, ya rubuta addu'a ko karin magana.

Idan aka lura, abin da yake fitowa daga garejin ya bambanta da abin da aka ƙera a Kaduna. Kanikawa sun sake fasalin motar ne bisa buƙatar ƙasarsu.

3.2.5 Illolin Gyaran

Duk da wannan amfani, akwai matsala. Ana ƙara wa motar ƙarfin ɗauka, amma birki yana nan yadda kamfani ya yi shi. Kayan da aka tula sama kuma suna sa ta saurin kifewa a kwana, alhali sau da yawa akwai fasinjoji zaune a kansu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana hana lodin da ya wuce kima, amma ga direba rage kaya rage abinci ne.

3.2.6 Naɗewa

A taƙaice, an ga cewa noman rani ne ya samar da kayan ɗauka, faɗuwar naira kuma ta hana sayen sabuwar mota. An daina ƙera 504, motocin Japan sun maye gurbin Fijo a wurare da dama, amma su ma tsofaffi suke isowa, kuma hannun bakanike da mai walda suke bi kafin su shiga fadama. Sashe na gaba zai dubi kalmomin da wannan sana'a ta shigar cikin Hausa.